Abin da Na Faɗa wa Abokan Babanki a Bakin Ƙofa

Unguwar Zariya, Maraɗi

Ɗiyata Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, ina gaida maigidanki Sani. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku kun sauka Agadas lafiya, ba ciwon kai, ba ɓatan kaya, ya sa garin ya karɓe ku, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Mu nan lafiya muke, gwargwadon yadda gida ke zama lafiya idan autarsa ta fita.

Na cusa ta ƙarƙashin kwalbar yaji da gangan, don na san ba za ki kai gare ta ba sai kin kwana biyu, kin huta, kin ɗora tukunya. Da na ba ki a hannu, da kin karanta layi uku kin ɗaga gira kin ce, “Inna, yau kuma wa'azi?” ni kuma in mayar miki da wadda ta fi taki, mu yi dariya, magana ta mutu a nan. Haka muke yi, ni da ke, kuma ni na koya miki.

Nasihar haƙuri da tsafta da gyaran miya gwaggwanninki sun yi miki ita, kwana uku suna yi, har da waɗanda ba su taɓa yin shekara biyu a jere a ɗakin miji ba. Ba zan ƙara a kai ba. Ni maganar ƙwallo zan yi miki.

Kina Damagaram kina karatu lokacin da aka yi yawancin abin nan, don haka abin da kika sani kaɗan ne, kuma daga bakina kika ji shi, wato an gyara shi kafin ya iso gare ki. Da Babanki ya aje aikin insfekta na makarantun firamare, shekararsa ta farko a kujera ya yi ta, kujerar nan ta falo mai hannun katako. Da safe rediyo, da rana barci, da yamma ya fita ƙofar gida ya kalli 'yan kabu-kabu suna neman kashe kansu. Mutumin da ake share filin makaranta idan an ji zai zo, ya wayi gari ba inda ake jiran zuwansa. Hawan jini ya kama shi, sukari ya biyo baya. Likita ya ce ya riƙa tafiya. Ya yi kwana huɗu yana yi, ya dawo ya ce mutum ba ya kama hanya haka kawai sai in korar shi aka yi.

Sai ga Mushe Haruna, wato Malam Haruna a bakin 'yan boko, tsohon malamin motsa jiki da suka yi aiki tare, ya zo da wani abu da ya gani a waya: ƙwallon ƙafa da ake bugawa da tafiya. Dokokinsa ba su da yawa. Ba a gudu, ko da yaushe ƙafa ɗaya tana ƙasa. Ba a ture mutum, ba a sa masa ƙafa, ƙwallo ba ta wuce kai. Wanda ya gudu sai a busa masa usur, a miƙa wa abokan karawa ƙwallo. Ya tara tsofaffi wajen goma sha biyar a wani fili kusa da gulbi, kan hanyar Jiratawa, Talata da Asabar, bayan sallar asuba kafin rana ta yi ƙarfi. 'Yan boko biyu ne ko uku a cikinsu. Sauran manoman rani ne na Jiratawa, da tela, da tsohon direba, da wani mahauci daga Tibiri mai suna Nomau. Shi ne mai tsaron gida, don tsayuwarsa kaɗai ta toshe rabin wurin. Yakan ratsa Maraɗi kaf a kan wani tsohon babur don ya zo ya tsaya tsakanin duwatsu biyu a buga masa ƙwallo.

Babanki da ƙuruciya ɗan wasan gefe ne a ƙwallo, da gudu aka san shi. To an kai shi wasan da gudu ne babban laifi. Kullum shi ake busa wa. Yakan dawo yana ba ni labari tun bai cire takalmi ba. Wai Nomau ne ke fara ihu daga can baya:

“Insfekta ya gudu! A busa!”

“Ban gudu ba, sauri na yi.”

“Wanga sauri naka, ko akuyar da ta ga wuƙata ba ta yin irinai.”

Yana faɗa yana dariya har da tari. Cikin wata uku hawan jinin ya sauka, yana cin abinci, yana barci. Duk na gani. Ni ba na rasa ganin abu, kin sani. Abin da nake yi da shi bayan na gani, nan ne matsalar.

Wata rana muna da baƙi a falo, abokan aikina malaman lise, wato sakandare, da matansu, mutanen da muka yi jami'a tare a Yamai. Wani ya tambayi Babanki me yake yi yanzu. Kafin ya buɗe baki na miƙe na nuna musu. Na maƙale hannuwa, na turo ƙugu, na ratsa falo ina wannan tafiyar ta agwagwa da suke yi idan suna son gudu suna tsoron usur. Sannan na ce, “Shekara talatin yana duba makarantu, sai yanzu ya samu ajin da ya dace da shi: ba a gudu, ba a tsalle, ba a cin jarrabawa.” Falo ya ɗauka. Wata har da share hawaye. Babanki ma ya yi dariya, ya ce, “Kun ji ta ko.” Na kwanta ranar ina jin daɗin kaina.

Daga makon nan ya daina fita da kayan wasa a jikinsa. Sai ya sa babbar riga, ya naɗe gajeren wando da takalmi cikin leda baƙa, ya canja a can bayan bishiya, ya sake canjawa kafin ya dawo. Dattijo mai shekara sittin da biyar yana ɓoye takalmi a gidansa kamar mai ɓoye taba. Na ga ledar, na san abin da ke ciki, na ma ji abin ya ƙara ba ni dariya.

Hadiza, idan kika yi wa mijinki ba'a a gaban mutane ya yi dariya, kada ki ɗauka ya ji daɗi. Ba shi da wata mafita ne. In ya ɓata rai a ce ba ya son wasa, in ya rama a ce yana cacar baki da mace a gaban baƙi. Dariyar ita ce ƙofa ɗaya da kika bar masa. Kada ki dubi fuskarsa a ranar, ki dubi abin da zai daina yi a gabanki bayan mako ɗaya. Kuma ki sani, mutanen da suka tafa miki gidajensu za su koma, ke ce za ki kwana da abin da kika yi.

Sau ɗaya na je filin. Ya yi ta roƙona, wai ranar 'yan Jiratawa za su kara da 'yan gari, iyalai za su zo. Na je na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi da tabarau na rana, kamar wadda aka aiko ta rubuta rahoto. Zan gaya miki gaskiyar da ban gaya wa kowa ba: wasan ya yi kyau. Da yake ba mai iya tsere wa wani, dole kowa ya duba inda ɗan'uwansa yake, ya ba shi a ƙafa. Akwai wani tsoho mai rawar hannu, ba ya iya riƙe kofin shayi, amma in ƙwallo ta zo masa sai ya ajiye ta inda yake so. In wani ya faɗi, wasa ya tsaya, duka ɓangarorin su taru su ɗaga shi, suna zaginsa suna kakkaɓe masa riga. Babanki ya ci ƙwallo ɗaya. Nomau, wanda aka ci, ya taho ya rungume shi ya ɗaga shi sama, Babanki yana dariya baki buɗe, har ina ganin giɓin haƙorinsa daga inda nake. Shekara talatin da huɗu ina tare da mutumin nan, ban san yana da irin wannan dariyar ba.

Da aka tashi suka zo gaishe ni, suna ta haki, suna murna Madam ta zo. Wani manomi ya miƙo mini ƙunshin zogale, Nomau ya miƙo nama cikin takarda, yana cewa na gefen haƙarƙari ne, ya ware mini tun jiya. Na karɓa da yatsu biyu. Sai na juya na ce wa Babanki da Faransanci mu tafi, rana ta yi, kuma abokin nasa yana warin mayanka, in zai riƙa rungumarsa ya riƙa wanka kafin ya shiga falo.

Nomau ya ce, “Madam ta ce mi?”

Babanki ya ce, “Ta ce ta gode.”

Nomau ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, “Ashe godiya da Faransanci tana da tsawo.”

Aka yi dariya kaɗan, aka watse. Bai san kalma ɗaya ta Faransanci ba, amma ba abin da ya wuce shi. Shekara talatin ina koyar da harshen nan, ina ce wa yara ƙofar duniya ne, amfanin da na fi yi da shi a rayuwata shi ne in rufe wa mutum ƙofa yana tsaye a gabana. Za ki zauna a garin da mutane ke da harsunan da ba ki iya ba, za ki ji yadda abin yake in an juya harshe ana kallonki. Ke kuma kada ki taɓa juya naki a gaban wanda ya miƙo miki abu. Takardar da kika samo a Damagaram ta shaida kin iya allura da auna jini, ba ta shaida kin fi kowa ba. Tawa ma abin da ta shaida ke nan, na daɗe ban karanta ta da kyau ba.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki biro.

Bayan kamar shekara da rabi, Babanki ya yi abin da aka hana. Ya ga ƙwallo za ta fita, ya manta shekarunsa, ya zuba da gudu, gwiwa ta murɗe. Aka kawo shi gida a mota, likita ya ɗaure ƙafar ya ce kwanciyar wata biyu. Na sa shi a ɗakin baya, inda ya fi sanyi, da fanka da rediyo. Daga can ba a jin ƙofar gida. Wayarsa kuwa kin san ta, kullum tana aljihun rigar jiya a kashe, don haka duk mai nemansa ni yake samu.

Ashe suna da wata doka da ba ta cikin dokokin wasa: wanda aka rasa sau biyu, ranar Asabar in an tashi sai a ɗunguma a tafi gidansa. Asabar ta farko na ji babura sun tsaya, aka ƙwanƙwasa. Na leƙa, tsofaffi takwas, ƙura har gwiwa.

“Salamu alaikum, Madam. Mun taho dubiya. Insfekta shina ciki?”

Na ce likita ya ce a bar shi ya huta, kada a dame shi. Rabinta gaskiya ce. Nomau ya miƙo leda, ƙafar saniya ce, wai tana gyara gwiwa. Na karɓa, na yi godiya, da Hausa wannan karon, na rufe ƙofa. Na dafa ta, Babanki ya sha romon ya yaba, ya ce a ina na samo mai kyau haka. Na ce a kasuwa.

Asabar ta biyu su biyar ne. Na ce yana barci. Idonsa biyu, har ya tambaye ni ko ya ji kamar tsayuwar babur. Na ce mai sayar da ruwa ne.

Ta uku su uku suka zo, Mushe Haruna da Nomau da manomin nan mai zogale. Na tsaya a bayan ƙofa, na buɗe ta kaɗan, na ce, “Malam ya ce a gaishe ku, a yi muku godiya. Ya ce ya bar wasan, kada ku riƙa wahalar da kanku.”

Nomau ya ce, “Shi ya ce?”

Na ce, “Shi ya ce.”

Sai ya ce, “To Madam, mun ji. Allah shi ba shi lahiya. Ki ce mishi mai tsaron gida na gaishe shi, kuma ban ba kowa wurinai ba.”

Ban faɗa ba.

Kin san yadda abin yake a wurinmu. Namiji ba ya tsallake ƙofar gidan wani. Abin da matar gida ta fito da shi daga ciki maganar maigida ce, a haka ake karɓarta, kuma wanda ya matsa da tambaya ya kira ta maƙaryaciya ke nan a ƙofar mijinta. “Shi ya ce?” ɗin nan da Nomau ya yi, iyakar inda zai iya kaiwa ke nan. Al'adar nan na yi shekaru ina kushe ta a falo, ina cewa ta mai da mace 'yar aike tsakanin ɗaki da zaure. Ranar da na buƙace ta, na ɗauke ta na yi aiki da ita fiye da duk matar da ba ta je makaranta ba. Su ai ba su yi zaton matar da ta yi jami'a za ta yi ƙarya a kan gaisuwa ba.

Za ki tambayi dalili. Na gaya wa kaina don gwiwarsa nake yi, kada ya koma ya karye. Wannan shi ne dalilin da nake sa wa kwalliya. A ƙarƙashinsa akwai kunya: wani ya ɗauki hoton wasan nasu a waya, ya zagaya gari, wata abokiyar aikina ta turo mini da tambayar ko wannan mai gajeren wandon ba mijina ba ne. A ƙarƙashin kunyar kuma akwai wanda ya fi muni. Ban yafe wa mahaucin nan dariyar da ya fitar daga bakin mijina ba. Ni mai iya magana, ni da falo ke jira in buɗe baki, ban taɓa sa shi irinta ba. Na fi son in gan shi zaune shiru a kujerar da na sani, da in gan shi yana farin ciki a wurin da ba ni da hannu a ciki.

Ki kiyayi wannan. Mijinki zai sami wani abu da ke faranta masa wanda ba ke ba ce, ba ke kika kawo shi ba, kuma ba ki gane daɗinsa ba. Zuciyarki za ta kawo miki dalilai masu kyau na raba shi da abin: lafiyarsa, mutuncinsa, lokacinsa. Duk sanda dalili ya zo miki da kyau haka, ki zauna ki tone shi ki ga abin da ke ƙasa. Saƙo kuma, in an ba ki, ki kai shi yadda aka ba ki, ko ba ki son mai saƙon. Ba naki ba ne.

Da ya fara takawa ya tambaye ni, yana kallon bango, “Ko mutum ɗaya bai zo ba?”

Na ce, “Kowa da harkar gabansa.”

Ya ce, “Na ɗauka dai…” bai ƙarasa ba.

Daga nan girman kai ya ƙarasa mini aikin, nasa da nasu. Shi ba zai kira mutanen da suka bar shi kwance wata biyu ba. Su ba za su koma ƙofar wanda ya aiko musu da sallama ba, ga shi insfekta, ga su manoma da mahauta, sun riga sun fassara abin yadda ya fi sauƙin fassarawa. An ce sun haɗu da Mushe Haruna a wani ɗaurin aure, suka gaisa kamar ma'aikata biyu, ina iyali, lafiya lau, kowa ya nemi takalminsa. Babanki ya koma kujera. Haka kika dawo kika same shi, kika yi shekara biyu kina auna masa jini, kina ja masa hira, kina tambayata me ya sa Baba ya tsufa haka da wuri. Na ce miki ciwon sukari haka yake.

Da daminar da ta wuce muna zaune da hantsi, aka zo sanarwar rasuwa a rediyo. Aka ce Nomau mahauci na Tibiri, za a yi jana'iza bayan azahar. Babanki ya miƙa hannu ya rage murya. Na ce, “Ba za ka je ba?” Ban san me nake so ya ce ba.

Ya ce, “Ina kwance bai san hanyar gidana ba. Ni ma na manta ta Tibiri.”

Lokacin ƙarfe goma ne. Tibiri ba ta kai rabin awa a babur ba. Magana ɗaya ce a bakina, ya zo, sau uku ya zo, da na faɗe ta da Babanki ya samu sallar gawar. Na zauna ina lissafin yadda zai dube ni, har aka kira azahar, har aka kira la'asar. Ranar bai ci abinci ba. Ke kika kai masa, ya ce ya ƙoshi.

Na sha gaya wa ɗalibai cewa kuskure ba abin kunya ba ne in an gyara shi da wuri, ina faɗa ina jan jan biro a takardunsu. Nawa na bar shi shekara biyu, kullum ina cewa sai lokacin da ya dace. Lokacin da ya dace ba ya zuwa, Hadiza. Kowace safiya faɗin yana ƙara wuya, har ranar da mutumin da ya kamata a nemi gafararsa ba ya nan. In kin yi wa Sani abin da kike ɓoyewa, ki faɗa masa a makon, ya yi fushin mako.

Da ban yi niyyar faɗa ba har in mutu. Ke kika sa. Ranar da kuka zo gaisuwa bayan biki, ana zaune da kawunnanki, aka tambayi Sani yadda zai yi da tantabarun da yake kiwo in za ku tafi. Ya fara bayanin kejin da ya sa aka ƙera, idonsa yana haske. Kika katse shi kika ce, “An ba su kujerar gaba, ni ina baya da akwatuna. In mota ta lalace su za su kai labari.” Kowa ya yi dariya. Sani ma ya yi, ya sunkuyar da kai, bai koma kan maganar kejin ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganar ta yi kyau. Da ɗaliba ce da na ba ta sha takwas bisa ashirin. Har ɗaga girar tawa ce.

Washegari bayan la'asar na same shi a kujera, na zauna a ƙasa, abin da ban taɓa yi ba, na faɗa masa. Ban yi kwalliya ba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, “Sau nawa?”

Na ce, “Sau uku.”

“Ƙafar saniyar nan?”

“Shi ya kawo.”

“A na ƙarshe me ya ce?”

Na maimaita masa saƙon, kalma da kalma, don ban manta ko ɗaya ba. Ya tashi ya ɗauki buta, ko da yake lokacin salla bai yi ba. Da safe ya sa babbar riga ya tare ɗan kabu-kabu ya tafi Tibiri, ya yi ta'aziyyar da ta makara da wata takwas. Da ya dawo abu ɗaya ya gaya mini, yana tsaye. Babban ɗan Nomau ya ce har tsohon ya kwanta ciwo yana cewa laifinsa ne, wasan da yake wa Insfekta ne ya yi yawa, ya manta matsayin mutum. Da wannan Nomau ya bar duniya.

Kin ga Babanki ya koma fita Talata da Asabar a 'yan makonnin nan, kika yi murna, kika ce addu'a ce ta karɓu. Na bar ki a haka. Ya koma, amma ba ya bugawa. Shekara biyu a kujera ta ƙarasa gwiwar, ba ta lanƙwasuwa. Mushe Haruna ya ba shi usur, yana zama a kan benci yana busa wa masu gudu. Wasu daga cikin na da sun rasu, an samu sababbi. Wani tela ne ke tsaron gida.

Bai yi mini faɗa ba, bai ɗaga murya ba, bai gaya wa kowa a dangi ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Yana gaishe ni da safe, yana yaba abinci, yana cewa sannu da aiki. Asabar da ta wuce ya dawo da ƙura a ƙafa, na kawo masa ruwa, na ce, “Wa ya ci yau?”

Ya ce, “Wasan tsofaffi ne, Madam, ba abin ji.”

Madam. Sunan da iyayen ɗalibai ke kirana da shi. Ya sha ruwan ya ce ya gode.

Kada ki kira ni don ki ba ni haƙuri, kuma kada ki yi masa maganar nan, bai san na rubuta ba. Ban nemi ki shiga tsakani ba. Abu biyu nake so. Ki je ki tsaya wurin kejin nan, ki tambayi Sani wacce ce ta fi tashi sama, ki saurari amsar har ƙarshe, kuma in wata magana mai daɗi ta zo miki baki ki haɗiye ta. Sannan ranar Asabar wajen ƙarfe goma ki kira Babanki, ya fara kunna wayarsa yanzu, ki tambaye shi wa ya ci, wa ya gudu, wa ya faɗi. Ke zai gaya miki. In ya gama, ki kira ni ki faɗa mini yadda ya faɗa, kada ki rage, kada ki gyara.

Allah ya tsare ki a garin mutane, ya tsare mijinki, ya kare ku daga sharrin hanya da na ciwo da na baki, naki kafin na wasu. Allah ya sa albarka a aikinki da ɗakinki, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Ya jiƙan Nomau, ya sa ya huta. Ya ba Babanki lafiya da tsawon rai. Ni kuma ki sa ni a addu'a.

Wassalam.

Innarki